Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Sha'awar Ɗaukar Hoto a Kano

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan'uwa membobi maza da mata, kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada, ga rahoton abin da muka yi a shekarar 2025 da abin da muka ɗauki alkawarin yi amma bai samu ba. Lissafin shige da ficen kuɗi yana hannun ma'aji, kuma shi zai karanta shi dalla-dalla a babban taro, don haka ba zan maimaita shi a nan ba.

An yi taron wata-wata yadda aka saba, in ban da na watan azumi, kuma zaɓen hoton mako bai tsaya ba.

Zan fara da maganar kuɗin wata, domin duk wani aiki da ya tsaya a bana, idan aka bi sawunsa, nan zai kai mutum. Kowa ya san adadin da muka yanke, kuma kowa ya san ba a ƙara ko kwabo a kai ba tun lokacin da aka yanke shi, duk da cewa babu wani abin da muke saya da ya tsaya a farashinsa na wancan lokaci. Duk da haka, waɗanda suka biya na shekara cikakke ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Wasu sun biya na watannin farko suka ɗauke ƙafa, wasu kuma tun kuɗin shiga ba a sake ganin nasu ba. Ni da ma'aji mun bi mutane ta waya, mun tura saƙo, mun tare wasu a bakin masallaci da wajen ɗaurin aure, har abin ya koma kamar roƙo muke yi don biyan buƙatar kanmu. Babu ɗayanmu da ake biya a wannan aiki, kuma kowannenmu yana da iyali da sana'ar da yake ci da ita. Mun san halin da ake ciki, kuma wanda ya zo ya faɗa mana cewa ba shi da hali, mun ɗaga masa ƙafa ba tare da wani ya ji ba. Abin da ke ci mana rai shi ne wanda zai nuna mana sabon gilashin kyamarar da ya saya, amma a yi masa maganar kuɗin wata ya ce a tuna masa wani satin.

Akwai ayyuka da aka amince da su a taron farkon shekara waɗanda ba su kammalu ba, kuma tun da na ji ana ta magana a kansu a bayan fage, ya dace a ji bayani daga bakin kwamiti.

Na farko shi ne kundin hotunan hawan Sallah. Kun tuna cewa a watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, kuma wannan ne ya sa muka ƙudiri aniyar rarraba kanmu a hanyoyin Hawan Daushe da Hawan Nasarawa da sauran kwanakin hawa, mu tattara hotuna mu buga su a littafi guda. An raba wurare, an tsara wanda zai tsaya a ina, har an nemo wanda zai tsara shafuka. Sai aka dakatar da hawa a ƙaramar Sallah, aka sake dakatar da shi a babbar Sallah. Wannan ba abu ne da kwamiti yake da iko a kansa ba. Wasu sun ce me ya hana mu tafi Zariya ko Katsina ko Haɗeja, kuma shawara ce mai kyau, sai dai tafiya a ranakun Sallah tana buƙatar mota da masauki, asusun kuwa ba zai iya ɗaukar ko ɗaya ba a lokacin. 'Yan'uwanmu da suka je da kuɗin aljihunsu sun dawo da hotuna masu kyau, mun kuma adana su don ranar da za a ci gaba da aikin.

Na biyu shi ne akwatin da ke tsare kyamara daga danshi, wanda muka ce za mu saya mu ajiye a ofis domin masu son ajiye kayansu a damina. Lokacin da aka fara kawo wannan shawara, dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta yi ta hawa, kuma a mafi yawan watannin 2025 ta riƙa yawo ne a wajen naira 1,500. Akwatin daga waje ake kawo shi, saboda haka abin da muka ware masa ya zama bai isa ko rabinsa ba. Ba a taɓa kuɗin ba, yana nan a asusu, kuma duk mai shakka yana iya neman takardar banki wurin ma'aji.

Tafiyar Baturiya ma ba ta yiwu ba, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo. Mun tsara zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, inda Baturiya take, a cikin hunturu, lokacin da tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suke sauka a can, domin masu son ɗaukar tsuntsaye su gwada hannunsu. Da aka nemi masu zuwa, sunaye sun cika takarda har sai da muka yi tunanin ɗaukar mota biyu. Da aka ce a kawo kafin alƙalami, waɗanda suka kawo ba za su cika ko kujerun gaba da layin farko ba. Direban da muka yi magana da shi ya jira mu iya jira, daga ƙarshe ya karɓi wani aiki, kuma ba mu ga laifinsa ba. An mayar wa kowa abin da ya bayar. Kalandar 2026 kuwa an zaɓi hotunanta an gama, kuɗin bugawa ne babu.

Bitar kula da kyamara an yi ta sau biyu kamar yadda aka tsara, ɗaya gabanin damina, ɗaya a farkon hunturu, kuma muna godiya ga dattijon da ya daɗe yana gyaran kyamara, wanda ya zo ya koyar ba tare da ya karɓi komai ba. Tun da da yawa ba su halarta ba, amma kullum sai an kawo mana kukan kyamara ta lalace, zan taƙaita abin da ya faɗa. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba, don haka kada a sauya gilashi a fili. Idan ya zama dole, a kashe kyamarar, a juya bakinta ƙasa, a yi da hanzari. Kada a goge gilashi da bakin riga ko gyale, domin ƙurar hazo tana da ƙananan tsakuwa da ke karce shi. A fara hure ta da 'yar robar busa iska, sannan a shafa tsumman da aka yi don wannan aiki. Wanda ya ga ɗigo-ɗigo a wuri guda a duk hotunansa, musamman idan ya ɗauki sararin sama, to datti ya hau sensa, wato ɓangaren cikin kyamara da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, kuma gara ya kai wa wanda ya iya da ya sa yatsa ko auduga. A damina kuma danshi ne ke haifar da fumfuna a cikin gilashi, wadda take yaɗuwa kamar saƙar gizo-gizo, kuma idan ta daɗe takan ci fuskar gilashin yadda ba ya gyaruwa. Maganinta shi ne kada a bar kyamara cikin jaka a ƙarƙashin gado wata da watanni. A samu robar da ke rufuwa ruf, a zuba ƙullin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a riƙa shanya su idan sun jiƙe. Ya kuma ja kunne a kan barin kyamara cikin mota a zafin Afrilu, da barin batir a ciki idan za a daɗe ba a yi aiki da ita ba, da cajin batir a lokacin da ake tayar da janareta. Game da katin ajiya, ya ce a kwashe hotuna zuwa wuri biyu kafin a share, kuma a share katin a cikin kyamarar da zai yi aiki a kanta.

Yanzu na zo ga abin da ya wanke mana zuciya a bana, wato bikin Ranar Ɗaukar Hoto ta Duniya. Ana yin ta ne a ranar 19 ga Agusta, don tunawa da ranar da aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Bafaranshen nan Louis Daguerre a birnin Paris a 1839. Da yake bana ta faɗo ranar Talata, sai muka ɗage ta zuwa Asabar ɗin da ta biyo baya. Mun haɗu a gindin Dala bayan sallar asuba, kuma mutanen da suka fito sun zarce duk wani taro da muka yi tun kafa ƙungiya, har da waɗanda wayar hannu kawai suka riƙo, kuma mun karɓe su hannu bibbiyu. An yi ruwa da dare, gari ya wanke, babu ƙura ko kaɗan, ta yadda daga kan dutsen ana hango Goron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci da rufin gidajen cikin birni tamkar a tafin hannu. Manyanmu suka rarrabu, kowa ya ja sababbi uku ko huɗu yana nuna musu yadda hasken safiya ke kwanciya a gefen gini, da dalilin da ya sa ba a jira rana ta take.

Daga nan muka gangara ta lunguna zuwa Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya nuna tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Tun kafin ranar, shugaba da wasu 'yan kwamiti sun je sun gaida shugabannin kasuwa sun nemi izini, kuma an ja kunnen kowa cewa ba a ɗaga kyamara a kan mutum sai an yi masa sallama an tambaye shi, ba a kuma ɗaukar mata ko yara ba da yardar su ko ta iyayensu ba. Wannan ladabi shi ya buɗe mana ƙofa. Dukawa da masu kayan doki da masu sayar da ƙwarya sun bar mu mun zauna a rumfunansu, wasu ma su ne suka riƙa gyara mana kayan don su fito da kyau. Cikin rumfunan akwai duhu, waje kuma haske, don haka wurin ya zama aji na gaske ga masu koyon daidaita haske ba tare da filashi ba.

Mun ƙare a marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. A nan aka samu mafi yawan hotunan da suka yi fice. Marina sun yi mana bayanin yadda ake haɗa baba da toka a rami a bar shi ya yi kwanaki kafin ya nuna, da yadda ake tsoma zane a ɗaga shi ya sha iska, ya fito kore-kore sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idon mutum. Wata 'yar'uwarmu da ta shiga ƙungiya a bana ta tsuguna ta ɗauki hannuwan wani dattijo marini a daidai lokacin da yake matse zane, ruwan baba na zuba tsakanin yatsunsa, kuma da wayar hannu ta ɗauka. Da aka zo zaɓe, alƙalai ba su san mai hoton ba, kuma shi suka sa a gaba. Wasu kuma sun shiga wurin mabuga sun yi fama da yadda za su tsayar da motsin bugu a cikin ɗaki mai ƙarancin haske, kuma an samu biyu ko uku da suka dace.

Bayan mako biyu muka wanke zaɓaɓɓun hotuna muka baje su a zauren da wata makaranta ta ba mu aro kyauta. Iyalanmu sun zo, ɗalibai sun zo, wasu daga cikin marina da 'yan kasuwar ma sun amsa gayyata. Bayan an tashi, muka bi duk wanda fuskarsa ta fito muka kai masa nasa hoton har wurin sana'arsa. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mana cewa baƙi sun sha ɗaukarsa shekara da shekaru, amma bai taɓa riƙe hotonsa yana bakin aiki ba sai a ranar. Ya kamata a sani cewa kuɗin wankin hotuna da firam da ruwan sha ba daga asusu suka fito ba. Mutum kaɗan ne suka haɗa daga aljihunsu, kuma sun roƙi kada a ambaci sunayensu. Allah Ya saka musu da alheri, Ya mayar musu da ninkinsa.

Waɗannan mutane ƙalilan su ne dai masu share ofis, su ne masu jera kujeru, su ne masu amsa tambayar sabon shiga da ƙarfe goma na dare, su ne kuma suka biya kuɗin watansu. A gefe guda akwai waɗanda shekara ta zagayo ba su turo hoto ko ɗaya ba, ba su ce wa hoton wani sannu ba, amma da an sanar da wani abu su ne farkon cewa ba a shawarce su ba. Mun kafa wannan ƙungiya ne don mu ƙarfafa wa juna gwiwa, kuma yaron da ya turo hotonsa na farko ya ji shiru daga mutanen da yake ganin girmansu, da wuya ya sake turowa. Mun rasa sababbi a bana ta wannan hanya, na kuma san haka ne domin na kira wasunsu na tambaye su.

Saboda haka kwamiti zai gabatar da shawarwari a babban taro don a kaɗa ƙuri'a a kansu. Wanda ake bin sa kuɗin wata shida ba tare da ya kawo uzuri ba, a dakatar da shi daga aron kayan ƙungiya da shiga baje koli har sai ya biya. Duk tafiyar da za a yi nan gaba, ba za a rubuta sunan kowa ba sai da kafin alƙalami a hannu. Haka kuma a naɗa mutum biyu su taimaka wa ma'aji wajen karɓar kuɗi, domin ni da shi ba za mu iya ci gaba da ɗaukar wannan nauyi mu kaɗai ba. Wa'adin wannan kwamiti yana ƙarewa a taron, kuma muna roƙon waɗanda ba su taɓa riƙe wani muƙami ba su fito. Za a yi taron a inda aka saba, a Asabar ta biyu cikin watan Janairu bayan sallar la'asar. Wanda ake bi bashi ya zo da shi ko ya tura ta asusun ƙungiya kafin ranar, wanda kuma yake riƙe da ƙafar kyamara ko filashin ƙungiya ya dawo da su domin a ƙirga kaya kafin a miƙa wa sabon kwamiti.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya