Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Kan Masu Naƙasar Ƙwaƙwalwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk shatar bulala. A watan Oktoba aka fasa irinsa a Daura. An garƙame gidajen, an ce iyaye su zo su kwashi 'ya'yansu. To daga nan sai ina?

Ina magana ne kan yaron da aka haifa da jinkirin fahimta, wanda unguwa ke kira gaula ko dolo. Ba mahaukaci ba ne, bai kuma taɓa shan ƙwaya ba, amma mun saba cusa su duka a buhu ɗaya. Makaranta ta ƙi karɓarsa, yara na jifansa a layi. Uwar da za ta fita nema sai ta tura shi ɗaki ta ja ƙyaure ta sa kwado, ta ajiye masa kwanon tuwo a bakin taga. Wallahi ba mugunta ba ce, rasa yadda za ta yi ne.

Birtaniya ta riga mu shiga wannan hanya. Tun rahoton asibitin Ely na Cardiff a 1969 aka fara tona asirin manyan asibitocin da ake ajiye irin waɗannan bayin Allah har mutuwa, aka yi ta rufe su. Duk da haka a 2011 kyamarar BBC ta kama ma'aikatan wani asibiti mai suna Winterbourne View, kusa da Bristol, suna marinsu suna sheƙa musu ruwan sanyi. Kotu ta ɗaure shida daga cikin ma'aikatan. Gwamnati ta yi alkawarin mayar da masu naƙasar da ke irin waɗannan asibitoci cikin jama'a kafin Yunin 2014, amma shekara goma bayan wa'adin kusan mutum 2,000 na nan a kulle, don babu gida da mai kula da aka tanada a waje. Masu kuɗi ke nan, ina ga mu?

A nan Najeriya, dokar hana wariya ga masu naƙasa ta samu sa hannu a Janairun 2019, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa kuma ta maye gurbin ta 1958 a farkon 2023. Roƙona shi ne su sauko ƙasa. A horar da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi su gane yaron tun yana goye, a buɗe wurin wuni a kowace ƙaramar hukuma inda uwa za ta kai shi da safe ta ɗauko da yamma, a kuma riƙa leƙa gidajen marin da suka rage ba tare da sanarwa ba.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Kaduna