Masu Hasashen Farashin Ƙananan Kuɗaɗen Kirifto Su Riƙa Kawo Lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan hasashen farashin ƙananan kuɗaɗen kirifto, wato kuɗaɗen intanet waɗanda ba su kai Bitcoin girma da daɗewa ba, domin maganar ta wuce ta matasa masu zama a majalisa, yanzu har matan aure da magidanta suna ɗora buri a kanta, wasu ma suna cin bashi da sunanta. Ƙorafina guda ɗaya ne: masu cewa kuɗi kaza zai kai dala kaza ba sa faɗa wa jama'a adadin ƙwayoyin kuɗin da ake da su, alhali idan babu wannan adadi, hasashen tatsuniya ce kawai.

Bari in ɗauki Pi Network, tunda shi ne wanda mutanenmu suka fi sani. An ƙaddamar da shi a ranar 14 ga Maris, 2019, kuma shekara da shekaru 'yan baiwa, wato masu tara ƙwayoyinsa kyauta, suna buɗe waya kullum su danna, suna jiran ranar da za ta fashe, wato ya shiga kasuwa ya yi daraja. A tsakanin wannan jira ne wata magana ta bazu, cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159, har aka riƙa shirya taruka ana musayar kaya a kan wannan farashi. Na ga saurayi mai gyaran waya yana nuna wa abokansa allon wayarsa, yana ninka ƙwayoyinsa da wannan adadi, yana zaɓen unguwar da zai sayi gida. Sai dai iyakar adadin Pi da aka tsara ƙwaya biliyan 100 ne. Idan aka ninka wannan da dala 314,159, za a samu sama da dala tiriliyan 31,000, alhali duk abin da ƙasashen duniya baki ɗaya suke samarwa a shekara bai wuce dala tiriliyan 100 da 'yan kai ba. Ke nan sai an tara arzikin da duniya ke samarwa na kusan shekara 300 kafin a biya masu Pi. Wannan lissafi ɗan aji uku a sakandare zai iya yin sa a bayan littafinsa.

Da aka buɗe Pi ga kasuwa a ranar 20 ga Fabrairu, 2025, farashin ya hau zuwa kusan dala 3 a cikin mako guda, daga nan ya juyo ƙasa, kafin shekarar ta ƙare ya koma ƙasa da rabin dala. Wanda ya tara ƙwayoyinsa kyauta ya sayar da wuri ya samu wani abu, kuma ina taya shi murna. Wanda abin ya ci shi ne wanda ya sayar da babur ko awaki ya saya a dala 2, saboda an ce masa somin taɓi ne.

Haka labarin Hamster Kombat, wani wasan danna waya a Telegram da aka yi alƙawarin raba wa masu yin sa ƙwayoyin kirifto, ya kasance a 2024. Abin da ya ruɗi mutane shi ne Notcoin, wani wasa irinsa wanda kuɗinsa ya shiga kasuwa a watan Mayun shekarar, ya kuma ba waɗanda suka fara da wuri kuɗi mai ɗan kauri. Amma masu danna Notcoin kusan miliyan 35 ne, su kuwa masu Hamster sun ce 'yan wasansu sun kai miliyan 300. Da aka yi rabon a ranar 26 ga Satumba, ƙwaya ɗaya ta buɗe a wajen santi ɗaya na dala, mutane da dama suka tashi da abin da bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba, balle na cajin waya. Masu hasashe sun kwashe watanni suna ambaton farashi, ba wanda ya tsaya ya raba kason da yawan masu jira.

Akwai kuma abin da ba a cika bayyanawa ba, shi ne yawancin waɗannan kuɗaɗe ba a sakin su gaba ɗaya. Ana kulle kaso mai yawa a hannun waɗanda suka ƙirƙira da manyan masu zuba jari da suka saya da araha tun kafin a kai kasuwa, sannan a riƙa buɗe musu kaɗan-kaɗan bisa jadawali. Duk lokacin da aka buɗe, sabbin ƙwayoyi na shigowa, kuma idan masu saye ba su ƙaru ba dole farashi ya sauka. Duk manomin rani ya san yadda kwandon tumatir ke karyewa idan motoci suka cika kasuwa a rana ɗaya. Bitcoin dai an ƙayyade shi a ƙwaya miliyan 21, shi ya sa kuskure ne babba a ce tunda ya haura dala 100,000 a Disambar 2024, to kowane ƙaramin kuɗi ma hanyarsa ke nan. Shiba Inu, alal misali, ƙwayoyinsa da ke yawo sun kusan tiriliyan 590, amma har yau za ka ji ana cewa zai kai dala ɗaya.

Ko manyan cikinsu ba su tsira ba. Luna ta haura dala 100 a watan Afrilun 2022, ana lissafa ta cikin goma na farko a duniya. A watan Mayu tsarin da aka gina ta a kai ya karye, ya riƙa buga sabbin ƙwayoyi babu ƙaƙƙautawa, daga 'yan miliyoyi ɗari zuwa sama da tiriliyan 6 a cikin kwanaki, aka yi asarar kusan dala biliyan 40.

Sannan ya kamata mai karatu ya tambayi kansa ko me mai hasashen zai samu. Da yawa daga cikin masu yi mana bayani a TikTok da Telegram sun riga sun saya, kuma ribarsu tana hannun wanda zai shigo bayansu. Wasu ana biyan su kuɗin talla, wasu kuma suna samun lada a kan duk wanda ya yi rajista ta hanyarsu. Ban ce dukansu maƙaryata ba ne, akwai masu ilmi da ke faɗin gaskiya ko da ba ta yi wa mabiyansu daɗi ba, sai dai muryarsu ba ta kai ta masu alƙawarin miliyoyi ba. Batun halacci ko haramci kuwa na bar wa malamai, su ne masu fagen.

Wasu na fakewa da cewa gwamnati ta amince da harkar. Gaskiya ne Babban Bankin Najeriya ya janye haramcin hulɗa da harkar kirifto da ya sa wa bankuna, ya yi hakan a Disambar 2023, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta sanya waɗannan kadarori ƙarƙashin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari. Amma aikin hukumar shi ne sa ido a kan kamfanonin da ke hada-hadar, ba za ta tsaya wa kowa a kan farashi ba, kuma ba za ta mayar wa wanda ya saya da tsada kuɗinsa ba.

Saboda haka roƙona gare ka, ya Edita, shi ne duk lokacin da jaridar nan za ta ɗauko labarin wani kuɗin kirifto, ko ta yi hira da mai hasashe, wakilinku ya tambaye shi adadin ƙwayoyin da ake da su, da yawan waɗanda ke kulle da ranar buɗe su, da kuma ko shi kansa yana riƙe da kuɗin da yake yabo. A buga amsoshin kusa da farashin da ya ambata, in kuma ya ƙi amsawa a rubuta cewa ya ƙi.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano