Masu talla sun shiga tsakanin masoya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in koka kan yadda kasuwa ta shiga tsakanin masoya.

Zoben lu'ulu'u da mutane da yawa ke ɗauka shi ne shaidar so, tallan da kamfanin lu'ulu'u na De Beers ya yi a 1947 ne ya yaɗa shi a duniya. Daga baya har tallan ya riƙa faɗa wa saurayi albashin wata nawa ya dace ya kashe. Ranar masoya ta 14 ga Fabrairu ma ta koma ranar cin kasuwa. Kyauta ba laifi ba ce, tana ƙara danƙon ƙauna. Abin da ke damuna shi ne mai ƙaramin ƙarfi ya fara zargin zuciyarsa saboda aljihunsa, ita kuma budurwa ta auna darajarta da hoton da wata ta ɗora.

Ƙiyayya ma ana cin riba da ita. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa a 2021 sun nuna cewa a 2017 Facebook ya fara ba alamun motsin rai da ake dannawa, har da na fushi, nauyi ninki biyar na alamar yabo wajen zaɓen abin da zai nuna wa mutane. Mutumin da ya yini yana zagin baƙi a waya, da wane haƙuri zai saurari matarsa da dare?

Ina roƙon jaridarku ta riƙa ba masu jinyar iyaye da ma'auratan da suka jure talauci tare fili, ko da rabin wanda take ba masu talla ne.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum