Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Babban Bankin Ghana, Dr Johnson Asiama

Ranka ya daɗe, barka da aiki. Daga Aboabo nan Kumasi nake rubuto maka, akan tambayar da ta daɗe tana damun mu a zango, ta yaya talaka zai gane bankin da ya kai ajiyar sa yana nan da ƙarfin sa ko ya fara ruɓewa ta ciki?

Ku dai kuna da ma'aunin ku. Kuna auna haɗarin duk bashin da banki ya bayar sannan ku ce jarin sa na kansa kada ya gaza kashi 13 cikin ɗari na wannan bashin da kuka auna, saboda in masu bashi suka kasa biya kuɗin masu bankin ne zai fara tafiya kafin a taɓa namu, bayan gwamnati ta sauya sharuɗɗan biyan bashin da ake bin ta a ƙarshen 2022 ma an sassauta shi zuwa kashi 10 don bankuna su samu su numfasa. Kuna duba bashin da ya maƙale, kuna duba ko akwai tsabar kuɗi ranar da mutane suka yi layi. Toh amma duk wannan mai goro a kasuwar Kejetia baya gani, bankuna suna buga lissafin su a jarida da turancin da sai akanta ne ke ganewa.

Bamu manta ba wallahi. A 2017 aka wayi gari bankunan UT da Capital sun faɗi sun koma hannun bankin GCB, 2018 aka haɗe bankuna biyar aka yi sabon banki mai suna CBG, mafi ƙarancin jarin da dole banki ya mallaka aka ɗaga daga sidi miliyan 120 zuwa 400. Wanda yafi taɓa mu shine 2019 da aka ƙwace lasisin kamfanonin maikurofainans 347, nan iyayen mu mata masu koko da waake suke zuba kuɗin susu, wasu har yau ko ƙofar banki basa son gani.

Dan Allah ranka ya daɗe, duk wata uku ku fito da sunan kowane banki da matsayin jarin sa, a karanta a rediyo da Hausa da Twi da Dagbani. Sannan a sake duba inshorar ajiya, dokar 2016 sidi 6,250 ta ce shine iyakar abin da za'a biya mai ajiya in banki ya faɗi, 1,250 a ƙananan kamfanoni, kuma kai ma ka san abin da sidi ya zama tun daga lokacin. A ɗaga shi.

Naka,
Wani ɗan kasuwa, Aboabo