Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres

Mai girma Babban Sakatare,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan alkawarin da ka ɗauka a watan Maris na 2022, cewa kafin ƙarshen 2027 babu ɗan Adam ɗin da ambaliya ko guguwa ko tsananin zafi za su riska ba tare da gargaɗi ya riga su isa gare shi ba. Cikin duk alkawuran da ake yi kan sauyin yanayi, wannan ne na fi yarda zai ceci rayuka da wuri.

Ranka ya daɗe, Bangladesh ta nuna mana abin yana yiwuwa. A 1970 guguwar Bhola ta hallaka aƙalla mutum 300,000 a yankin. Da guguwar Amphan ta taso a 2020, an kwashe sama da mutum miliyan 2 kafin ta iso, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 100 ba. Na'urorin hasashe sun yi aikinsu, amma aikin ya cika ne saboda dubban 'yan sa-kai da ke bi ƙauye-ƙauye da lasifika, da kuma gine-ginen mafaka da aka tanada tun da sauran lokaci. Dubi kuma Derna ta Libiya a Satumban 2023, inda madatsun ruwa biyu suka ɓalle cikin dare, dubbai suka salwanta. Shugaban Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya na lokacin ya ce da akwai hukumar yanayi mai aiki yadda ya kamata, da an kauce wa mafi yawan asarar rayukan nan. Gargaɗin da ya tsaya a kwamfutar ofis, bai kai kunnen manomi da masunci cikin harshen da suke ji ba, bai amfani kowa ba.

An ƙiyasta cewa shirin gargaɗin nan zai ci dala biliyan 3.1 cikin shekaru biyar, kuma a nan fargabata take. A taron sauyin yanayi na Copenhagen, a 2009, ƙasashe masu arziki sun yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, don tinkarar sauyin yanayi. Ba su cika ba sai 2022, kuma mafi yawan abin da gwamnatoci suka bayar bashi ne. A taron Baku na 2024 an ɗaga adadin zuwa biliyan 300 nan da 2035. Idan shi ma rance zai zama, an ƙara wa mai ciwo ciwo. Pakistan, wadda hayaƙin da take fitarwa bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na duniya ba, ta ga ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33. Da wane ido za a dubi irin wannan ƙasa a ce ta ci bashi da ruwa don ta gina katangar kare kanta daga ɓarnar da wasu suka jawo?

Na san gargaɗi ba ya rage ɗumamar duniya, kuma 2024 ta zarce duk shekarun da aka taɓa aunawa zafi. Ƙasashen G20, wato manyan masu ƙarfin tattalin arzikin duniya, su ke fitar da kusan kashi 80 cikin 100 na hayaƙin, don haka ragewa a wuyansu take. Abin da ya fi saurin rage ɗumamar shi ne magance iskar metan da ke zurara daga bututun gas da rijiyoyin mai da jujin shara: cikin shekaru 20 tana riƙe zafi fiye da iskar kabon sau 80, amma ba ta daɗewa a sama, toshe ta zai nuna amfani tun muna raye. Lantarkin hasken rana kuwa ya yi araha matuƙa, tsadar ruwan bashi ce ke hana matalautan ƙasashe kafa shi.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, ofishinka ya riƙa bayyana wa duniya duk shekara ƙasashen da gargaɗi ya kai har ƙauyukansu da waɗanda bai kai ba. Ka kuma ambaci sunan duk ƙasar da ta yi alkawarin kuɗi, nawa ta biya, nawa ne kyauta, nawa ne rance.

Wassalam,
Wani mai bibiyar al'amuran muhalli