Kafin a ce Iraniyawa na ƙin Amurkawa, a tambayi Tabriz da Ahwaz

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran abokan aikinka, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan yadda ake kawo mana labarin Iran da Amurka, musamman tun bayan hare-haren da Amurka ta kai kan cibiyoyin nukiliya na Fordo da Natanz da Isfahan a watan Yunin 2025. Masu sharhi a shafukanmu da gidajen rediyonmu sun fi karkata ga magana iri biyu. Wasu na cewa mutanen Iran gaba ɗayansu sun tashi da ƙin Amurkawa tun suna goye, wasu kuma na cewa ƙasar taron ƙabilu ce da aka ɗaure da ƙarfin bindiga, wadda za ta watse da zarar an tura ta daga waje. Ni a ganina duk wanda ya bi tarihin yankunan ƙasar ɗaya bayan ɗaya ba zai yarda da ko wanne daga cikinsu ba, kuma magana ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin ita ce ke sa masu ƙarfi su ɗauka yaƙi zai zo musu da sauƙi.

Iran ƙasa ce mai mutane kusan miliyan 90, kuma waɗanda Farisanci ne harshensu na gida sun ɗara rabi ne kawai bisa yawancin ƙiyasi, domin ƙidayar ƙasar ba ta tambayar ƙabila. Sauran sun haɗa da 'yan Azeri masu magana da wani reshe na Turkanci a arewa maso yamma, da Kurdawa a tsaunukan kan iyakar Iraƙi da Turkiyya, da Larabawa a lardin Khuzestan mai babban birni Ahwaz, da mutanen Baluch a kudu maso gabas, da Lur da Turkmen da Gilak. Yawancin Baluch da Turkmen da kaso mai tsoka na Kurdawa Ahlus Sunna ne, abin da ya kamata masu karatu a nan su sani, tunda mun saba kallon Iran ta fuskar Shi'a kaɗai. Sashe na 15 na tsarin mulkin ƙasar ya sa Farisanci harshen hukuma da na makaranta, ya kuma halatta koyar da adabin sauran harsuna a gefensa, amma an daɗe ana ƙorafin cewa wannan halascin bai wuce takarda ba.

Zan daɗe a kan Tabriz, domin babu birnin da ya fi shi rikita lissafin masu sharhi. Mutanensa Azeri ne, a kasuwa da gida harshensu suke yi, kuma suna da ƙorafi na gaske kan Tehran. A watan Mayun 2006 sun fito zanga-zanga saboda wani zanen barkwanci a jaridar gwamnati da suka ɗauka cin mutunci ne ga ƙabilarsu. Sun sha fitowa kan ƙafewar tafkin Urmiya, wanda madatsun ruwa da rijiyoyin noman rani da fari suka janye wa ruwa. Magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Tractor sukan mayar da filin wasa dandalin neman a koyar da harshensu a makarantu. Wanda ya tsaya a nan zai ce ga 'yan aware sun samu.

Amma a wannan birnin ne Shah Isma'il ya kafa daular Safawiyya a 1501, daular da ta mayar da Shi'anci addinin hukuma ta kuma haɗe ƙasar a ƙarƙashin sarki ɗaya, alhali shi kansa da Turkanci yake magana. Gidan sarautar Ƙajar da ya mulki ƙasar har zuwa 1925 shi ma asalinsa Turkawa ne. Mahaifin Ali Khamenei, wanda ya zama jagoran ƙasar a 1989, ɗan Azeri ne. Masoud Pezeshkian, da aka zaɓa shugaban ƙasa a 2024, an haife shi a Mahabad, garin Kurdawa, ya wakilci Tabriz a majalisa shekara da shekaru, kuma ya yi yaƙin neman zaɓe da Azeri da Kurdanci ban da Farisanci. Mutanen da ke ganin su ne suka gina gida ba sa saurin yarda a ce musu su fice daga cikinsa. Ƙorafinsu shi ne an rage musu rabo a abin da suke ganin nasu ne, kuma ko tsakanin harshe da haƙori ana saɓawa.

A Tabriz ɗin nan kuma akwai kabarin wani Ba'amurke da har yau ake girmamawa. Sunansa Howard Baskerville, malami ne a makarantar mishan ta birnin. Lokacin da Muhammad Ali Shah ya sa aka yi wa majalisar dokoki luguden wuta a 1908, mutanen Tabriz ƙarƙashin Sattar Khan suka ƙi miƙa wuya, sojojin sarki suka yi musu ƙawanya har yunwa ta shiga gari. Baskerville ya ajiye koyarwa ya shiga sahun masu kare tsarin mulki duk da gargaɗin ƙaramin jakadan ƙasarsa, aka harbe shi a watan Afrilun 1909 yana da shekara 24. Akwai mutum-mutuminsa a gidan tarihin tsarin mulki na birnin, kuma a zamanin Jamhuriyar Musulunci aka ajiye shi a wurin. Bayan shekara biyu da rasuwarsa majalisar Iran da kanta ta ɗauko wani Ba'amurken, Morgan Shuster, ta damƙa masa baitulmalin ƙasa, sai da Rasha ta yi barazana da soja sannan aka sallame shi. A wancan zamani Rasha da Ingila ne abin tsoro, Amurka kuwa ana yi mata kallon baƙo daga nesa wanda ba ya kwaɗayin ƙasar kowa.

Abin da ya faru a 1946 ya nuna yadda aiki ɗaya na Amurka ke samun fassara dabam a garuruwa dabam. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Tarayyar Sobiyat sun ƙi ficewa daga arewacin Iran, kuma a ƙarƙashin inuwarsu aka kafa gwamnatin cin gashin kai a Tabriz da jamhuriyar Kurdawa a Mahabad ƙarƙashin Ƙazi Muhammad. Iran ta kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, Amurka ta mara mata baya, sojojin Sobiyat suka janye, kafin ƙarshen shekarar gwamnatocin biyu suka faɗi, aka rataye Ƙazi Muhammad a 1947. Ɗan kishin ƙasa a Tehran zai ce Amurka ta taimaka an hana raba ƙasa. Bakurden Mahabad zai ce ta taimaka an rushe abin da suka kafa. Kurdawa ba su manta da 1975 ba kuma, lokacin da Shah, sarkin Iran na wancan lokaci, ya sasanta da Iraƙi a birnin Aljiyas, shi da Amurka suka janye tallafin da suke ba Mustafa Barzani, jagoran Kurdawan Iraƙi, dare ɗaya. Wanda ke tsammanin Kurdawan Iran za su rungumi alkawarin Washington ido rufe bai karanta wannan babin ba.

Raunin da ya game ƙasar baki ɗaya ya zo ne a watan Agustan 1953, lokacin da hukumomin leƙen asirin Amurka da Ingila suka shirya kifar da Firaminista Muhammad Musaddiƙ, wanda ya ƙwace harkar man fetur daga hannun kamfanin Ingila a 1951. Hukumar CIA ta amsa rawar da ta taka a takardun da aka saki a 2013. Daga nan Amurka ta zama uwar ɗakin Shah har ya faɗi a 1979. Sai yaƙin Iraƙi ya biyo baya, kuma a nan ne aka gwada ra'ayin masu cewa ƙasar za ta watse. Saddam Husaini ya kutsa Khuzestan a watan Satumban 1980 yana sa ran Larabawan lardin za su tarbe shi a matsayin ɗan'uwa mai ceto. Ba su yi ba. An gwabza gida gida a Khorramshahr kafin ya faɗi, aka ƙwato shi a watan Mayun 1982, Abadan kuwa ta jure ƙawanya. A tsawon yaƙin Amurka ta taimaka wa Bagadaza da bayanan sirri, Iraƙi ta jefa iskar guba kan garin Kurdawa na Sardasht a 1987, sannan a ranar 3 ga Yulin 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes ya harbo jirgin fasinjan Iran da ya taso daga Bandar Abbas zuwa Dubai, mutum 290 suka mutu. Waɗannan mamatan ba ƙabila ɗaya ba ne, shi ya sa fushin bai tsaya a yanki ɗaya ba.

Wannan bai wanke Tehran ba. Khuzestan ne ke fitar da mafi yawan man ƙasar, amma a watan Yulin 2021 mutanensa suka fito suna neman ruwan sha da na noma, aka amsa musu da harsashi. A 2022 mutuwar Mahsa Amini, Bakurdiya daga Saƙƙez, a hannun 'yan sandan ɗa'a ta tayar da zanga-zanga mafi faɗi cikin shekaru, kuma a ranar 30 ga Satumba jami'an tsaro sun kashe gomman masallata a Zahedan na ƙasar Baluch. Abin lura shi ne taken da aka fara rerawa da Kurdanci a wajen jana'izarta ya bazu zuwa Tehran da Tabriz da Zahedan, kowane gari yana ambaton ɗan'uwansa. Masu neman ɓallewa ba haka suke yi ba.

Game da Amurkawa kuwa, abin da ya zauna a zuciyar yawancinsu shi ne 4 ga Nuwamban 1979, ranar da ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancinsu a Tehran suka tsare mutum 52 har kwana 444, ana nuna musu su a talabijin kowane dare da ƙyalle ɗaure a ido. Shekara da shekaru binciken jin ra'ayi na Gallup yana nuna mafi rinjayensu ba sa kallon Iran da kyau. Sai dai Amurka ma ba dunƙule take ba, kuma Khomeini da kansa ya yi amfani da hakan lokacin da ya ba da umarnin sakin wasu mutum 13 dabam, mata da baƙaƙen fata, a makonnin farko na tsarewar. Mazaunin wani ƙaramin gari a tsakiyar ƙasar mai yiwuwa bai taɓa ganin mutumin Iran ido da ido ba, alhali a Los Angeles akwai unguwa a Westwood da ta cika da shagunansu da gidajen abincinsu, har wani haifaffen Shiraz, Jimmy Delshad, ya zama magajin garin Beverly Hills a 2007. A Jami'ar Stanford Maryam Mirzakhani take koyarwa lokacin da ta zama mace ta farko da ta samu lambar Fields ta lissafi a 2014. Amma a nan ma akwai tarko ga ɗan jarida, domin da yawa daga cikin Iraniyawan Kalifoniya iyalan waɗanda suka gudu bayan 1979 ne, cikinsu har da masu son sarauta ta dawo, da Yahudawa da Armeniyawa da mabiya Baha'i, kuma muryarsu ba ita ce muryar manomin Ardabil ba.

Duk lokacin da gwamnatocin biyu suka ɗan sassauta, jama'a sukan nuna wata fuska. A watan Fabrairun 1998 'yan kallo sun yi wa 'yan kokawar Amurka tafi a Tehran. A watan Yunin shekarar, a birnin Lyon na Faransa, 'yan wasan ƙwallon ƙafa na Iran sun miƙa wa na Amurka fararen furanni kafin su doke su da ci 2 da 1. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 matasa sun kunna kyandir a wani dandali na Tehran don juyayi, watanni kaɗan kafin Shugaba Bush ya sa ƙasarsu cikin jerin waɗanda ya kira miyagu. Da girgizar ƙasa ta rushe Bam a watan Disamban 2003, jiragen Amurka sun sauka da kayan agaji. Sannan a gasar Ƙatar ta 2022, da Amurka ta ci Iran 1 da nema, an ga mutane na murna a titunan Saƙƙez da wasu garuruwa. Wannan murna fushi ne da gwamnatinsu, kuma kuskure ne a karanta ta a matsayin gayyata ga sojan waje, kamar yadda kuskure ne a karanta taken mutuwa ga Amurka da ake yi a tarukan hukuma a matsayin abin da ke zuciyar kowa. Mutumin da takunkumin da aka maido bayan ficewar Amurka daga yarjejeniyar nukiliya a 2018 ya tsauwala wa kuɗin magani yana iya zargin Washington da Tehran a lokaci guda, kuma da yawa haka suke yi.

Roƙona ga jaridarku, Malam Edita, shi ne idan za a kawo labari daga Iran a riƙa faɗa mana garin da abin ya faru, da mutanen da ke zaune a cikinsa, da ko taron na hukuma ne ko jama'a ne suka fito da kansu. Idan an gayyaci mai sharhi, a tambaye shi abin da ya sani game da Khuzestan da Kurdistan da ƙasar Baluch kafin ya yanke hukunci kan makomar ƙasar. Muna kuma da ɗalibai da suka yi karatu a Ƙum da Tehran, da wasu da suka zauna a biranen Amurka, waɗanda za su iya ba da labarin abin da suka ji a kasuwa da cikin motar haya, kuma zai yi kyau a ware musu shafi su rubuta shi da kansu.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Katsina