Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Amurka Kan Wasan Neman Kalmomin Lissafi

Zariya,
Jihar Kaduna.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma na duba hotunan takardun da ka haɗo da shi. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Ka ce ɗiyarmu ta shiga aji 7, an sa ta a darasin share fagen aljabara, amma maimakon ka gan ta tana fama da lambobi, sai ga ta tana dawowa gida da takardu cike da haruffa, tana bin su da fensir tana zagaye kalmomi. Ka tambaye ni, tunda koyar da lissafi a ƙaramar sakandare ita ce sana'ata, ko wannan karatu ne ko kuwa ɓata lokaci. Ra'ayina shi ne wasan yana da amfani, amma amfaninsa kaɗan ne idan aka tsaya a zagaye kalma, kuma abin da za ku yi da takardar bayan ta gama shi ne zai sa ta zama karatu. Bari in yi maka bayanin dalilina dalla-dalla, domin ina son ka fahimci abin da malaminta yake nufi kafin ka yanke hukunci a kansa.

Da farko, malamin ya yi daidai da ya damu da kalmomi. A firamare yaro yakan ga tambaya a rubuce da alamomi, a ce 20 ÷ 4, ya yi aikinsa ya wuce. Daga matakin da take ciki yanzu kuwa tambaya takan zo ne a cikin jimlar Turanci, kuma kalma guda ce take nuna aikin da za a yi. Ɗauki 20 da 4 ɗin nan. Idan aka nemi "sum" ɗinsu amsa 24 ce, idan "difference" aka ce 16 ce, idan "product" ne 80, idan kuma "quotient" ne 5. Lambobin ba su canja ba, amma amsa huɗu ce daban-daban, kuma yaron da ya iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa sarai yana iya faɗuwa wannan tambaya don kawai bai san wacce ake nema ba. Ina ganin haka a ajina kowace shekara. A nan ba mu da darasi na musamman mai wannan suna kamar yadda kuke da shi a can, an cusa shi ne a cikin lissafin aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare, amma matsalar ɗaya ce: yara da yawa da ake cewa ba su da kan lissafi, in ka zauna da su ka mayar musu da tambayar cikin Hausa, nan take za su ba ka amsa. Abin da ya tsare su shi ne harshen tambayar.

Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, domin aljabara da kalmomi ta fara. Lokacin da Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820, bai yi amfani da x ko alamar daidai ba, kowace mas'ala da warwararta a cikin jimloli ya zayyana su, kuma wani babban kaso na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake, irin mas'alolin da malamanmu na zaure suke warwarewa har yau. Alamomin daga baya suka zo. Wani likita ɗan yankin Wales mai suna Robert Recorde ne ya fito da alamar daidai a 1557, sannan René Descartes na Faransa ya yaɗa amfani da x da y da z a madadin lambobin da ba a sani ba a 1637. Alamomin nan taƙaitawa ce ta magana, saboda haka wanda bai riƙe maganar ba, zai riƙa juya alamomi ne kawai ba tare da ya san abin da suke cewa ba.

To, me wasan neman kalmomi yake yi a cikin wannan aiki? Kamar yadda ka gani, murabba'i ne mai gida-gida kamar hatimi, kowane gida da harafinsa, an ɓoye kalmomi a ciki, wasu a kwance, wasu a tsaye, wasu a karkace, wasu ma a juye, sannan aka jera su a gefe don a nemo. A Amurka ana danganta farkonsa da wani mai suna Norman Gibat, wanda ya buga shi a wata 'yar mujallar tallace-tallace a jihar Oklahoma a 1968, kuma tun a lokacin malaman makaranta suka fara neman kwafi don ɗalibansu. Abin da yake koyarwa shi ne siffar kalma. Yarinyar da ta ɗauki mintuna tana farautar "denominator", wato lambar da ke ƙasan layi a rubutun kaso, harafi bayan harafi ta kalli kalmar sau da yawa, ta san yadda ake rubuta ta, kuma ranar da ta gamu da ita a jarrabawa ba za ta zame mata baƙuwa ba. Kada ka raina wannan. Dogayen kalmomi irin waɗannan suna razana yara, kuma yaron da ya razana tun a layin farko ba ya karanta sauran tambayar da natsuwa. Akwai kuma wani alheri da na lura da shi: ɗalibin da kullum yake baya a lissafi yakan iya riga kowa gama wannan wasa, kuma wannan 'yar nasara takan sa ya ɗago kai ya saurari darasin da ya biyo baya.

Iyakar wasan kuma a fili take. Ana iya gano "coefficient" ta hanyar neman inda harafin f ya zo sau biyu a jere, ba tare da an san ma'anarta ba. Mutumin da bai taɓa jin Turanci ba, muddin ya san haruffa, zai iya kammala takardar nan tsaf. Don haka idan ɗiyarmu ta zagaye kalmomi ashirin ta ajiye fensir, abin da muka tabbatar kawai shi ne idonta yana da kaifi. Abin da yake damuna shi ne takardar da aka cike tana sa yaro da iyayensa, har da malami wani lokaci, su ɗauka an koyi darasin, alhali ko ƙofarsa ba a shiga ba.

Gyaran ba shi da wahala, kuma a gida za ka iya yin sa. Kafin ta fara, ka ninke gefen takardar da aka jera kalmomin, ka ɓoye shi, sannan ka ba ta tambayoyi a madadinsa. Ka rubuta 5x + 3, ka tambaye ta me ake kiran 5 ɗin da ke manne da harafi, me ake kiran harafin kansa wanda darajarsa take iya canjawa, me kuma ake kiran 3 ɗin da ke tsaye shi kaɗai. Sai ta fara samo "coefficient" da "variable" da "constant" a cikin kanta kafin ta je neman su a cikin haruffa. Ka ga yanzu aikin ya juya: a da ido ne yake gaba, yanzu tunani ne, murabba'in kuma ya zama wurin tabbatar da amsa, domin idan kalmar da ta zata ba ta ciki, ta san akwai gyara. Idan ta kasa tunawa, ka bari ta ɗan yi ta ƙoƙari kafin ka buɗe mata, saboda wahalar tunowa ita ce take dasa kalma a ƙwaƙwalwa. Bayan ta zagaye kowace kalma kuma, ta rubuta misali nata na kanta a gefe, ba wanda ke cikin littafi ba.

Na lura a ɗaya daga cikin takardun da ka turo an zuba kalmomi da yawa daga babi daban-daban, na kusurwa da na kaso da na aljabara duk a wuri guda. Da ni ne, da na rage su zuwa takwas ko goma, kuma na haɗa waɗanda yara suke rikitawa da juna, domin a gefen 'yar'uwarta ake gane kalma. Babban misali shi ne "factor" da "multiple". Na farko su ne lambobin da suke raba wata lamba ba saura, kamar 1, 2, 3, 4, 6 da 12 ga lamba 12, na biyu kuma su ne abin da ake samu in an yi ta ninka ta, wato 12, 24, 36 har abin da ya yi sama. Yara sukan musanya su har su kai babbar sakandare. Haka nan "expression" da "equation": 2x + 3 furuci ne kawai, ba a warware shi, sai dai a sauƙaƙa shi ko a saka masa lamba, amma 2x + 3 = 11 magana ce cikakkiya da take cewa ɓangarori biyu daidai suke, kuma ana iya gano cewa x ɗin 4 ne. Yarinyar da ta bambance waɗannan biyu ta riga ta yi nisa.

Tunda na ambaci alamar daidai, ina roƙonka ka gwada ta da wannan: 8 + 4 = ☐ + 5. Idan ta sa 7, alhamdulillahi. Idan ta sa 12, to tana karanta alamar ne da ma'anar "ga amsa nan tafe", kamar yadda yara da yawa suke yi, kuma babu wasan haruffan da zai gyara wannan sai zama da bayani, har ta gane cewa abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya ne. Duk aljabarar da za ta yi nan gaba a kan wannan fahimta take tsaye.

Akwai wani abu da nake so ka kiyaye ƙwarai, domin wasannin kalmomi suna iya jawo shi ba da niyya ba. Wasu yara sukan koyi farautar kalma guda a cikin tambaya, su ce duk inda aka ga "more" tarawa ake yi, duk inda aka ga "less" ɗebewa ake yi, sai su daina karanta jimlar. Amma idan aka ce yaya yana da 12, kuma abin da yake da shi ya fi na ƙaninsa da 5, kalmar fifiko tana nan, amsar kuwa ta ɗebewa ce, ƙanin yana da 7. Haka kuma "3 less than x" ana rubuta shi x − 3 ne, ko da yake 3 aka fara ambata, kuma mai bin kalmomi a jere zai rubuta 3 − x ya faɗi. Saboda haka duk kalmar da ta zagaye, a mayar da ita cikin jimla, a karanta jimlar tun daga farko har ƙarshe.

Abin da na fi ganin amfaninsa a ajina shi ne in sa yara su ƙirƙiri wasan da kansu. Ka samo mata takarda mai gida-gida, ta ja murabba'i mai gida 12 a tsaye da 12 a kwance, ta zaɓi kalmominta, ta fara shigar da dogayen kafin gajerun, ta cike sauran gidajen da haruffa, sannan ta rubuta tambayar da za ta kai mutum ga kowace kalma, ta ba ka ka warware. Rubuta tambayar nan shi ne ainihin karatun, domin ba za ta iya bayyana "prime" ba sai ta san cewa lamba ce da ta fi 1 wadda babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, kuma a nan ne za ta gano da kanta dalilin da ya sa 1 ba ya cikinsu, 2 kuma yana ciki ko da yake cika ne ba mara ba. Idan bayaninta ya yi rauni, ka ba da amsar da ta dace da abin da ta rubuta, ko da ba ita take nufi ba, sai ta ga inda ya kamata ta ƙara tsaurara maganarta.

Kada kuma ka ji nauyin yi mata bayani da Hausa. Na san a makaranta da Turanci za a tambaye ta, kuma dole ta riƙe kalmomin yadda suke, amma ma'ana tana shiga ta kowane harshe yaro yake ji. Ka ce mata: na riƙe wata lamba a zuciyata, na ninka ta biyu, na ƙara 3, ta zama 11, wace lamba ce? Bayan ta amsa, ka ce ta rubuta maganar da alamomi, sannan ta gaya maka sunan kowane ɓangare da Turanci. Ta haka kalmar da ta zagaye a takarda za ta sami abin da take nuni gare shi, Hausarta kuma ta ƙaru.

Idan ka sami ganawa da malaminta, ka tambaye shi cikin mutunci me suke yi da kalmomin a aji bayan an nemo su. Mai yiwuwa takardar share fage ce kawai ga darasin da ba ka gani daga gida, kuma in haka ne ya yi abin da ya dace. Idan kuwa a zagayewa aka tsaya, sai ka cike gurbin da abin da na zayyana maka, minti goma sha biyar bayan sallar magariba sun isa, sau biyu ko uku a mako. Ina so ka turo mini hoton wasan farko da za ta ƙirƙira tare da tambayoyinta, zan ba ɗalibaina su warware, su ma su haɗa nasu in aiko mata, in sha Allahu.

Ka isar da gaisuwata ga maiɗakinka da yara baki ɗaya. Mutanen gida duk suna gaishe ku, kuma suna tambayar yaushe za ku leƙo. Allah Ya yi wa zuri'a albarka, Ya ba ɗiyarmu ilimi mai amfani.

Wassalam.

Naka,
Amininka.